Hoton Da Aka Ba 'Yan Sanda

Sau biyu Debbie Yashim tana wuce takardar da 'yan sanda suka manna a tashar bas ba ta gane ko wane ne a jiki ba. Ita fa, Debbie, wadda ta yi shekara da shekaru tana cin tuwo a kwano ɗaya da mamaciyar! Sai a karo na uku, da idonta ya sauka kan sunan mahaifin da ke ƙasan hoton, ta gane.

Wani siririn saurayi ne a hoton, an yi masa aski ƙwalƙwal, kunnuwa a waje, yana sanye da rigar gama sakandare ta wata makaranta a Jos. An rubuta da manyan baƙaƙe: Jang Dalyop. An tsinci gawarsa a gefen hanya a Fort Washington, kusa da kogi, da harbin bindiga. Duk wanda ya san wani abu ya kira wannan lamba.

To wa zai kira? Don girman Allah wa zai kira? Ba wanda ya taɓa ganin wannan yaro a ƙasar Amurka. Wadda aka harbe Edna ce. Edna doguwa, mai kitso har gadon baya, mai jan baki ja zur, wadda in ta ƙyalƙyale da dariya a ƙofar shago sai an leƙo daga benen tsallaken titi. Direbobin bas sun san ta. Masu shaguna sun san ta. Tsofaffin da take bi gida-gida tana yi musu wanka tana ba su magani sun san ta, wasu ma ba sa cin abinci sai daga hannunta. Amma aka je aka tono hoton da ya haura shekara ashirin a ƙasan akwati, aka miƙa wa 'yan sanda.

Debbie ta sa farce ta ɓare takardar, ta cusa ta a jaka, ta fasa zuwa aiki.

Ita da Edna hanyarsu ɗaya. An haife su aka ce maza ne, aka raɗa musu sunan maza, ɗaya a Kaduna ɗaya a Jos. Tun ba su iya ɗaura zani ba suka san ba haka ba ne. A nan ƙasar ana ce wa irinsu mata tirans. A gida kuwa akwai sunayen da ake jifansu da su, kuma ba za ku ji su daga bakina ba. Sun haɗu ne a Gidan Olive, ɗakuna biyu a saman wani shagon wanki a kudu maso gabashin Washington, inda baƙaƙen mata tirans ke taruwa. Nan ake dafa abinci ranar Laraba, nan ake nemo wa wadda mai gida ya kora wurin kwana, nan ake samun mai raka wadda za ta kotu ko asibiti don kada a wulaƙanta ta ita kaɗai. Edna ce mai rakiya. In ta tsaya a bayan mace ta harɗe hannu, ma'aikacin da ke shirin yin rashin kunya sai ya tuna tarbiyyar uwarsa.

Mama Olive, mai gidan, baƙar Ba'amurkiya ce da ta haura sittin, haifaffiyar unguwar. Debbie ta same ta tana yanka albasa, ta shimfiɗa mata takardar a kan tebur. Tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wannan?" ta tambaya da Turanci.

"Wai Edna ce."

Mama Olive ta ajiye wuƙar a hankali. Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ne ya ƙara ƙona wa Debbie rai. Tsohuwar ta ce ta ga irin haka ya fi a ƙirga: a kashe mace, a buga sunan da ba wanda ya san ta da shi, shaidu su yi ta wuce takarda suna hamma, mai kisan kuma ya ci gaba da shan iskarsa.

Suka kira ɗan sandan da ke riƙe da binciken. Mutum ne mai taushin murya. Ya ce ya fahimta, ya fahimta ƙwarai. Amma iyali ne suka ba da suna da hoto, kuma sai iyali sun ce a canza za a canza. Debbie ta tambaye shi mutum nawa suka kira tun da aka manna takardar. Ya ce tukuna dai.

Matan gidan ba su zauna ba. Suka buga tasu takardar da ainihin fuskar Edna, suka bi tashoshin bas da shagunan gyaran gashi da ƙofofin coci suna mannawa. Sai ga wata sabuwar masifa. Wata mata ta kira lambar 'yan sandan ta ce tana tambaya ne kan Edna, aka duba aka ce babu wani bincike mai wannan suna. Ta kashe wayarta, ta ɗauka ƙarya ce irin ta masu neman taimako.

"Dangin Edna mutanenki ne," in ji Mama Olive. "Yarenku ɗaya. Ni in na je, tsohuwar mahaukaciya za su gani. Ke za ki je."

Debbie ta yi shekaru rabonta da shiga taron 'yan Najeriya. Ta san kallon da ake yi, ta san yadda hira ke mutuwa in ta shigo. Amma ranar Asabar da rana ta ɗaura atamfa mai duhu, ta yafa gyale, ta tuƙa motarta zuwa Lanham, gidan Anti Constance, yayar Edna, inda ake zaman makoki.

Motoci sun cika layin har kan ciyawar maƙwabta. A ƙofa takalma sun yi tsibi. Maza na falo, mata na kicin da ɗakin cin abinci, kamar dai a Jos. Matar da ta buɗe ƙofa ta dube ta sama da ƙasa, ta buɗe baki za ta nuna mata wurin zama, sai ta rasa ɓangaren da za ta nuna. Debbie ta rage mata wahala, ta raɓa ta ta wuce.

Ga teburin nan a tsakiyar falo, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, da kyandir biyu da furanni. A tsakiyarsu yaron nan ne mai kunnuwa, an ƙara girman hoton an sa shi a firam mai ruwan zinariya. Mutane na shigowa su tsaya a gabansa su girgiza kai, su ce kai, yaro ƙarami haka. Edna da ta shekara arba'in da wani abu!

Debbie ta kau da kai daga teburin. Ta durƙusa a gaban dattijon da ke kan babbar kujera, Baba Davou, ƙanin mahaifinsu Edna kuma shugaban ƙungiyar mutanen garinsu a nan.

"Baba, ina wuni. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya," ya amsa, idonsa na kan bango.

"Ubangiji ya ta'azantar da ku."

"Amin."

Ta tashi ta nufi kicin. Anti Constance na zaune a kan kujera kusa da firji, mata sun kewaye ta. Babbar nas ce a wani asibiti, mace mai kamun kai, irin waɗanda ko a makoki ɗaurin ɗankwalinsu ba ya karkacewa. Ana ta zuba gwate a kwanuka, wata na soya masa, wata Hajiya mai jiki tana tsaye a wurin wanke-wanke ta naɗe hannun riga. Da Constance ta ga Debbie sai fuskarta ta ɗaure.

Debbie ta sake durƙusawa ta yi gaisuwa yadda ake yi, ba ta rage ko kalma ba. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Anti, ina son magana da ke. Mu ɗan fita."

"Faɗi a nan. Ba ni da ƙarfin tashi."

"Kan hoton da aka ba 'yan sanda ne."

"Me ya sami hoton?"

"Anti, ba wanda ya gane shi. Ko ni ban gane ba. Ba wanda ya kira su. Sun ce in kin yarda za su sa na yanzu, da sunan da mutane suka sani. Kira ɗaya kawai za ki yi."

Masar da ke cikin tanda ta fara ƙauri, ba wadda ta juya ta. Constance ta gyara zama.

"Kin san Mama na da hawan jini? Kin san duk abin da aka buga a nan kafin yamma ya isa Jos? So kike a nuna ta da baki a coci, tsohuwa mai shekara tamanin? Mun rufa wa yaron nan asiri yana raye, za mu rufa masa yana mace. Ku kun yi naku, kun ɗauke mana shi. Ku bar mu mu binne namu cikin mutunci."

Wallahi Debbie ta zo da niyyar lallashi. A mota har ta yi ta maimaita kalmomi masu sanyi. Amma da ta ji "mun rufa masa asiri" sai duk suka tsere.

"Asirin wa kuka rufa?" Ta miƙe tsaye. "Asirin wanda ya harbe ta kuka rufa, Anti! Yana can yana yawo, ya ci ya ƙoshi, ya wuce takardarku ya yi dariya. Ban da ku, shi kaɗai ne a garin nan ya san wa ke cikin hoton nan!"

"Ke! A gidan makoki?" wata ta daka mata tsawa.

"Makokin wa? Ku gaya mini makokin wa kuke yi! Yaron da ke kan teburin can ba a Amurka ya mutu ba, ba wanda ya taɓa shi. Wadda aka jefar a gefen hanya ba ta da ko kyandir ɗaya a gidan nan. Lokacin da aka yi wa Anti aiki a baya, wa ya kwana yana juya ta? Wa ya yi renon 'ya'yanta tana aikin dare? A lokacin ba ku ce yaro ba ne, cewa kuke Edna zo, Edna ɗauko, Edna dafa. In baƙi sun zo kuma a ce ta bi ta ƙofar baya."

Maza sun taso daga falo sun cika ƙofar kicin. Baba Davou ya ratso su da sandarsa.

"Wa ya bar wannan ya shigo?" ya ce. "Kai, fita. Ba mu san ka ba."

"Baba, da girmanka. Ni ba sai kun san ni ba." Ta zaro takardar Gidan Olive daga jaka, ta buɗe ta, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani. "Wannan za ku sani. Ku dube ta! 'Yarku ce, jininku ce. Ku dube ta sau ɗaya kafin ku rufe ta da ƙasa!"

Wasu suka kau da kai. Wani saurayi ya miƙo hannu zai fizge takardar. Sai aka ji kwanon tangaran ya faɗi a wurin wanke-wanke ya tarwatse.

"Ei! Innalillahi!"

Hajiyar nan ce mai wanke-wanke. Hajiya Azaratu, 'yar Kumasi, mai shagon atamfa da kayan miya a Lanham, inda rabin matan da ke ɗakin ke sayen daddawa da busasshen kifi. Ta san Constance a shago, shi ya sa tun da aka fara zaman take rufe shagonta da rana ta zo ta taya aiki. Ta matso, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Wannan ai Edna ce. Me ya sami Edna?"



"Na ce me ya sami Edna? Leshinta na nan a shagona, na ajiye mata, ina ta cewa me ya hana ta zuwa." Ta juya ta dubi Constance, ta dubi ƙofar falo inda teburin yake, ta sake duban takardar. Sai ta dafe ƙirji. "Constance. Ƙanin naki da aka kashe... Edna ce?"

Constance ta sunkuyar da kai.

"La ilaha illallahu! Ni na gan ta! Ranar Juma'ar nan da kuka ce an kashe ɗan'uwanku, da la'asar, a ƙofar shagona. Wani ya zo da mota ruwan toka, suna ta cacar baki, ya riƙe mata wuyan hannu yana ja. Na fito na ce lafiya? Ta ce Hajiya ba komai, koma ciki. Ta shiga motar. Na san mutumin! Yana zuwa sayen katin waya, yana da tabo a nan, a gira. Har jiya ya shigo shagona. Jiya! Na ba shi canji da hannun nan!"

Ta ɗaga hannun tana kallonsa, sai ta fashe da kuka.

"Takardar 'yan sanda tana manne a ƙofar shagona. Ni na ba su izini su manna. Kullum ina wuce ta ina cewa Allah sarki ɗan mutane. Ina nan ina wanke muku kwanuka, ashe... Haba Constance! Haba! Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Famfon da Hajiya ta bari a buɗe na ta zuba. Debbie ta dubi tarin kwanukan da Hajiya ta wanke. Ta so ta yi ihu, ta so ta kifar da tukunyar gwaten nan a ƙasa. Shaida na tsaye a cikin gidan tun ranar farko, tana goge musu cokula, su kuma suna can suna karɓar gaisuwa a gaban hoton ƙarya.

Baba Davou ya yi gyaran murya. "To, a bi a hankali. Wannan magana ce ta iyali. Za mu zauna, mu ga yadda za a sanar da su ba tare da..."

"Baba, jiya ya shigo shagonta," in ji Constance.

"Na ji. Amma sunan gidanmu..."

"Jiya, Baba."

Ta laluba cikin zaninta ta ciro waya. Yatsunta sun kasa samun lambar, sai da Debbie ta karanto mata daga takarda. Ta sa wayar a sifika ta ajiye a cinya. Da mai taushin muryar nan ya ɗauka, ta yi magana da Turancinta na asibiti, muryarta ba rawa. Ta ce akwai mai shaida a gidanta yanzu haka. Ta ce sunan da ke jikin takardarsu ba shi ne sunan da aka san mamaciyar da shi ba. Ta ce sunanta Edna, kuma ƙanwarta ce.

Baba Davou ya juya ya koma falo. Maza biyu suka bi shi, sauran suka tsaya.

Ɗan sandan ya ce a kawo mai shaidar ofis yanzu, kada a jira. Ya ce kuma ta turo masa hoton Edna na kwanan nan, daga wayarta ita 'yar'uwar, don ya sa a sake buga takardar yau.

"Yanzu zan turo," in ji Constance.

Ta buɗe hotunan wayarta ta fara ja da yatsa. Debbie na tsaye a kanta, tana ganin komai. Ga bikin Lizzy, 'yar Constance ta fari, da aka yi bara. Ga Constance da amarya da ango, kowa ya sha anko. A kafaɗar Constance akwai wani dogon hannu mai jan farce, ya dafa ta. Hannun kawai. Daga gwiwar hannu zuwa sama babu, an yanke.

Ta wuce da sauri. Ga Kirsimeti, an jeru a gaban bishiya, a gefen hoton ana ganin bakin gwaggwaro mai ruwan zinariya da rabin ɗan kunne. Ta wuce. Ga ranar da autanta ya gama makaranta, yaron na dariya ya jingina da wata kafaɗa da ba ta da kai. Ta wuce, ta wuce, yatsanta na ƙara sauri. Duk hoton da za ta tura wa Mama da dangi a Jos sai ta fara yanke gefen, ta goge na asalin don kada yara su yi kuskuren turawa. Shekara da shekaru tana yi, har hannunta ya saba, ba ta ma tunani.

Matan da ke bayanta sun leƙo suna gani. 

Constance ta kai ƙarshen hotunan, ta sake dawowa sama, ta sake bi. Sannan ta ɗago. Ɗankwalin ya zame ya koma ƙeya, ba ta gyara ba.

"Debbie," ta ce. "Ba ni da shi. Ko ɗaya."

Debbie na da su fiye da ɗari. Edna a bakin tukunya ranar Laraba, Edna da lasifika a gaban kotu, Edna ta yi barci a bas baki buɗe. Ta tsaya tana kallon matar nan, kuma Allah ya sani ba tausayi take ji ba. Ta so ta ce mata ta tura musu hannun, ta ce 'yan sanda su nemi mai jan farce. Maganar ta zo har bakinta. Amma mutumin mai tabo a gira yana waje, kuma yamma na yi.

Ta zaɓi wanda Edna ta fi so, wanda ta ɗauka a ƙofar Gidan Olive da sabon kitso, tana kallon kyamara kai tsaye tana dariya. Ta tura.

Wayar Constance ta yi ƙara a cinyarta. Ta buɗe. Fuskar ta cika gilashin, cikakkiya, ba abin da aka rage. Constance ta kai yatsa ta taɓa kumatun, ta taɓa goshin. Sai wani irin kuka ya ƙwace mata, ba irin na karɓar gaisuwa da aka yi ta yi a gidan ba, kuka mai ƙarfi mara kyan ji, har ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa cikin fasasshen kwano tana kiran Edna, Edna.

Mata suka rufu a kanta. Debbie ba ta cikinsu. Ta kashe famfon, ta miƙa wa Hajiya Azaratu tsumma ta goge hannu.

"Hajiya, nemo takalminki. Motata na waje."